Jan Zaren Bakin Buhun Wake

Shekara goma sha ɗaya Ɗahiru yana riƙe da mabuɗin mangazar hatsi ta Alhaji Nasiru a bayan kasuwar Petit Marché, kuma ko ƙwayar gero ba ta taɓa ɓacewa a hannunsa ba. Shi ya sa ranar da Alhaji ya ce ya kwance jan zare daga bakin buhunan wake, ya tsaya yana kallonsa kamar bai ji ba.

In wake ya zo daga Maraɗi, ana zuba masa fiya-fiya don kada ƙwari su cinye shi, sai a ɗaure bakin buhun da jan zare. Duk ɗan mangazar ya san ma'anar zaren: ba a sayar da wannan buhu sai ya yi watanni, maganin ya fita. Waɗannan kuwa ko mako biyu ba su cika ba, kuma an cika musu magani.

"Alhaji, ko warin bai tafi ba," in ji Ɗahiru.

"Wake ya yanke a kasuwa, Ɗahiru. In na jira har sabo ya shigo, wa zai dubi nawa? Mutum tara ke ci a mangazar nan, kowa da iyali. Ka auna da kanka: yunwar gida tara, ko ciwon cikin da ba lalle ya zo ba? Ai dafa shi ake yi."

Alhaji ya iya tsara magana, sai ka rantse taimakon jama'a ya fito yi. Da Ɗahiru ya koma gida ya kwashe komai ya gaya wa matarsa Zahra'u.

Ta ce, "Baban Anisa, ni ban iya aune-aune ba. Ka yarda in dafa wa 'yarmu Anisa waken nan? In ba ka yarda ba, magana ta ƙare."

"In na ƙi, korata zai yi. Mutumin da ya ɗauko ni daga Tawa, ya yi mini aure. In tona masa asiri a tsakiyar kasuwa?"

Zahra'u ta ci gaba da tankaɗe.

Washegari ya tashi da dabararsa, har yana jin ya fi su duka wayo. Zai kwance zaren, bai saɓa wa maigida ba ke nan. Duk wanda ya saya kuma zai ce masa ya wanke sosai, bai yi ƙarya ba ke nan. Ya kwance zaren ya cusa a aljihu.

Balkisa ce ta fara zuwa. Bazawara ce daga unguwar Kirkissoye da ke hayin kogi, tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar wata makaranta. Shekara da shekaru take ƙetaro gada ta wuce mangaza goma ta zo wurinsa, kuma ba ta taɓa buɗe buhu ta duba ba.

"Fofo, sannu, Malam Ɗahiru. Ka zaɓa mini mai kyau."

Ya ɗora buhun a baro, idonsa a ƙasa. "Maman Farida, ki wanke shi sosai. Ruwa uku, ko huɗu."

Ta yi dariya. "Yau ni za ka koya wa wanke wake?"

Al'adarta ce ba ta zuba wa kowa sai 'yarta Farida, mai shekara takwas, ta ci kwanon farko kafin ta shiga aji. Haka aka yi da safe. Kafin azahar yara sha uku suna kwance a likita, amai ba ƙaƙƙautawa. Sha biyu sun tashi. Farida ba ta kai la'asar ba.

Iyaye suka farfasa tebur da tukwanen Balkisa. Alhaji da ya ji labari ya sa aka loda sauran buhunan a mota aka fita da su gari, ya ce wa ma'aikata kowa ya iya bakinsa.

Ranar uku Ɗahiru ya je gaisuwa. Tun daga kan gada yake bitar abin da zai faɗa. Ya tarar da ita a kan tabarma, ta rame, idanun sun bushe. Kafin ya buɗe baki ta riga shi.

"Malam Ɗahiru, a kamisariya 'yan sanda sun tambaye ni inda na sayo. Na ce kada su taɓa ka. Kai kaɗai ka gaya mini gaskiya. Ka ce ruwa huɗu, ranar nan famfo ya ɗauke, na yi biyu." Ta kama bakin mayafinta. "Ni na kashe ta da gaggawa. Ka yafe mini dariyar da na yi maka."

Ya san ko ruwan kogin nan duka ta zuba, waken ba zai wanku ba. Ya san kalma ɗaya za ta sauke mata wannan nauyi, ta ɗora shi inda ya dace. Ya tuna Alhaji, ya tuna gida tara, ya tuna Anisa.

"Allah ya ji ƙanta," ya ce, ya tashi.

Har yau shi ke buɗe mangaza. Har yau Balkisa tana gaya wa maƙwabta cewa ganganci nata ne, kuma in ta sami jari wurin Malam Ɗahiru za ta koma, don shi mai amana ne. Duk sa'ad da Ɗahiru ya ji haka, sai ya shige bayan buhuna ya zauna.

Mai karatu, in kana sana'a kuma ka san kayanka zai cutar, faɗin rabin gaskiya ba ya wanke ka. Biyayya ga maigida tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce ran wanda ya yarda da kai.