Darasin Kashe Mai Bin Sawu

"Matsa, 'yar digiri," na ce wa sabuwar injiniyarmu. "Ba a sauya kenel, zuciyar kwamfuta, alhali mai bin sawu yana kunne yana rubuta motsinta. Sandarewa take yi. Ba a koya muku ba?"

Manaja na bakin ƙofa. Ya rantse duk wanda ya sake kayar da babbar kwamfutar ofis zai kama gabansa.

Na danna umarnin da na ƙirƙira da basirata, guda ɗaya tal, shi ke kunnawa, shi ke kashewa. Na sauya kenel ina sakace.

Allo ya sandare.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ai tun safe na kashe shi. Kunnawa ka yi."

Manaja ya matsa, ya ba ni hanya.