Tsohuwar Furosesa

Kwana uku ke nan da wani ma'aikaci ya sa wa kwamfutarsa sabuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, da ya sayo a Kano, kwamfutar ta ƙi tashi. In ya danna, sai ta yi ƙara sau uku, fuskarta baƙa ƙirin. Ga sunayen manoman Makoda da za a raba wa taki duk suna ciki, kuma gobe ake nema.

Ya haƙura zai mayar da tsohuwar. Ya tuna ya naɗe ta a takarda, ya ɗaure da zare, ya ɗora kan akwatin littattafan mahaifinsa, marigayi Malam. Ya duba, babu ita.

"Inna, kin ga wani ɗan ƙunshi a nan?"

"Layar Malam? Ai na kai wa baduku ya ɗinke ta."

Ta nuna jaririyarsa da ke sharar barci a tabarma, da layar jar fata a wuyanta.

"Inna, ƙwaƙwalwar kwamfuta ce fa!"

"Ko ma ta mece ce. Tun da na rataya mata ba ta ƙara kuka ba. Kai mai ilimi, je ka rubuta wata."