Allon Gidan Messer Lotto

Shekarar da malamin coci Fra Ilario ya zo Prato da wa'azinsa, madubi ya zama abin kunya a garinmu. Ya ce annoba na tafe, kuma jan baki da gashin aro da karta da molo ne za su buɗe mata ƙofa. Ya sa ranar da za a ƙone su a dandalin babban coci.

Babu wanda ya rungumi aikin kamar Monna Piccarda, matar marigayi mai rini, tsohuwar da ta haura saba'in. Ta tara mata masu baƙaƙen kaya suna bi gida-gida da kwanduna. Ta ƙwace turaren surukarta, ta yanke wa matar alkali jelar riga a tsakiyar kasuwa. Fra Ilario ya kira ta tsintsiyar Ubangiji, mu kuma muka riƙa sauya hanya in mun hango ta.

Amma bakinta bai taɓa sauka daga gidan Messer Lotto mai fataucin ulu ba. Ta ce akwai allon katako mai zanen mace tsirara a gidan, wanda ya gada wurin ubansa, kuma muddin yana nan, garin bai tsira ba.

Da Fra Ilario ya yi barazanar kiran sunansa a wa'azi, Lotto ya buɗe ƙofa. Monna Piccarda ba ta jira jagora ba, ta hau bene, ta nufi ƙuryar ɗaki. Ta tsaya a gaban allon, ta juya masa baya, ta baza mayafinta don kada sauran matan su gani.

"Haba Monna, ai wannan ba mutum ba ce," in ji Lotto. "Gunkiyar mutanen dā ce, mai zane ne ya ƙago ta."

"Gunkiya da tawadar Allah a kafaɗa? Rufe min baki, ɗan nan. Ubanka ma da ya fi ka taurin kai yana ina?"

Lotto ya leƙa ta gefen mayafin. Tun yana yaro yake ganin allon, bai taɓa lura da tawadar ba.

Monna Piccarda ta naɗe allon da bargo da hannunta, ta ɗaure da igiya. Samarin coci suka zo ɗauka, ta kore su. Ta ce idon saurayi ba shi da amana, a gidanta zai zauna har ranar wuta.

Ran ƙonawa gari ya cika dandali. Aka jibga madubai, molaye, littattafan waƙa da gashin aro har tulin ya kai tagar bene. Baranyar Monna Piccarda ta biyo ta tana ƙunƙuni cewa tun safe take neman katakon murza burodi. Monna Piccarda ta ce mata ranar tuba ba ranar ciki ba ce.

Ita ta jefa ƙunshin a wuta, a ɗaure yadda yake. Lotto ya share hawaye. Fra Ilario ya ɗaga hannu ya ce mata su yi koyi da wannan baiwar Allah, wadda ba ta taɓa sanin kwalliya ba. Jama'a suka raka ta har gida da waƙoƙin yabo.

Ta sallame su a ƙofa, ta hau ɗakinta, ta sa sakata. Ta durƙusa da ƙyar, ta jawo allon daga ƙarƙashin gado, ta jingina shi inda hasken taga ke faɗowa. Ta daɗe tana kallon yarinyar da ke ciki, sannan ta yi murmushi da sauran haƙoranta.

"Allah ya sani, Piccarda," ta ce, "kin yi kyau a zamaninki."