Katin Barka da Juma'a

"Ke ce kawai ke taɓa kwamfutar nan bayan ni!" Malam Falalu, manajan wata majemar fata a Challawa, ya daka wa sakatariyarsa Yusra tsawa. Sunayen dilolinsu da sirrin haɗin rini duk sun fita waje. Takardar korarta tana gabansa, sa hannu kawai ya rage.

Injiniya Abdulbaƙi, wanda aka kira ya duba na'urar, ya zare wayar intanet.

"Malam, ku dakata. Ɓarawon yana cikin kwamfutar. Wata manhaja ce mai shigowa kamar abin kirki, sai ta laɓe. Duk abin da kuka rubuta tana kwashewa, ta aika wa masu ita."

"To, a fitar da ita!"

"Zan goge komai, in sake ɗora sabo. Lambobin sirri kuma a wata na'urar za ku canza su, ba a nan ba." Ya nuna allon. "Ga ta. Manhajar haɗa katin Barka da Juma'a ce, ta kyauta. Wa ya sauke ta?"

Malam Falalu ya ajiye biron a hankali. Mako uku ke nan ana yaba kyawun katunansa. Yau da safe ya tura manhajar zuwa zauren sada zumunta na manajojin Challawa, Sharaɗa da Bompai.

Wayarsa ta yi ƙara, ta sake yi. Saƙonni ne daga zauren.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Mun sauke."