Yini Ɗaya a Shanghai

"Halas, Mohannad, mun ji!" Turai ta ture wayar ƙaninta gefe. Tun da aka ajiye farantin shinkafa a gidan mahaifiyarsu da ke Sharafiyya yake ta zuba. Yini ɗaya tak ya yi a Shanghai, amma wai ya hau bene mai taɓa gajimare, ya shiga jirgin ruwa a kogi, ya ci taliya da tsinke.

Ta taɓe baki. "Yini ɗaya, ka dawo ka cika mana kunne kamar can aka haife ka. Ruwa kake nema? Ga Kornish, bakin tekunmu na Jidda, a ƙofar gida. Ƙauyanci ne kawai."

"Yaya Turai, wallahi da kin ga fitilun..."

"Fitila ce ba mu da ita a Jidda? Ka yi koyi da mijina Usuman mana. Tun da ya aure ni bai taɓa taka jirgin sama ba, iyakarsa Dammam wajen aiki. Namiji mai hankali ke nan."

Ta jawo wayar tana dariya, ta nuna wa mahaifiyarsu hoton. "Umma, dubi tsayuwa don Allah! Wane marar aikin yi ne ma ya tsaya ɗaukar ka?"

Mohannad, bakinsa cike da shinkafa, ya ce, "Yaya Usuman mana. Ai shi ya zaga da ni. Ko'ina ya sani, har masu shaguna suna kiran sunansa."

Sai ya daina tauna, ya ɗago kai a hankali ya dubi yayarsa.