Na'urar da Ke Ƙarƙashin Kujera

"An sace babur ɗina a kasuwar Mashi! Duba min inda yake, Sha'aban, kafin su tsallaka Nijar da shi!"

Nu'uman ya faɗo shagon Sha'aban yana haki. Sha'aban ne ya saka masa na'urar bin sawu a babur ɗin tun bara, a nan Daura.

Sha'aban ya buɗe kwamfuta, ya yi ta danne-danne. "Ba ta hawa netwok, yaya."

"To hau da ita mana!"

Sha'aban ya aika mata saƙon sake kunnawa, shiru. Ya sake, shiru. Gumi ya fara keto masa. "Wataƙila sun cire batir. Ko kuwa layin Nijar ta kama. Ka je gida, zan kira ka."

"In je gida in ci me? Da babur ɗin nan nake ciyar da yarana." Nu'uman ya leƙa allon, ya ga lambar layin na'urar. "Ko data ce ta ƙare?"

"Ba ita ba ce, bari..."

Ai tuni Nu'uman ya tura mata data daga wayarsa. Nan take jan ɗigo ya fito a taswira.

"Alhamdulillahi, yana Daura! Kai, unguwar nan ce... ƙofar shagonka!"

Nu'uman ya fita a guje. Babur ɗaya ne a ƙofar, na Sha'aban. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kujerarsa. Ga na'urar da shi Nu'uman ya saya da kuɗinsa tana ƙyafta koriyar wuta.