Baliz Ɗin Marigayi

Ana tsakiyar zuba wa ƙwaƙwalwar motar Alhaji Kyari sabon tsari, sai baliz ta tsaya cak. Baliz ita ce na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwon da ke cikinta, kuma kaf Magaria garejin marigayi Yunusa ne kaɗai ke da irinta. Jan rubutu ya fito da Faransanci: lisans, wato izinin aiki da ita, ya ƙare, mai na'ura ya nuna fuskarsa a sabunta masa.

Sabo, ƙanen marigayin, ya sake karanta rubutun. Mai na'ura dai yana maƙabarta, ko sadakar arba'in ba a yi ba.

Gaba kura, baya sayaki. In ya zare igiyar, ƙwaƙwalwar motar ta mutu murus, don tsohon tsari ya goge, sabon bai gama shiga ba. In ya bar ta jone, batir yana ta zuƙewa. Ga Alhaji Kyari, dillalin shanu, ya shimfiɗa buzu a bakin gareji. Ya ce gobe kasuwar Guci, kuma ba mai ɗaga shi daga nan sai ƙarar motarsa.

Sabo ya yi shekaru a ƙarƙashin wansa, amma a wajen Yunusa har ya koma ga Allah ɗan aike ne. Ɗauko sifana. Riƙe fitila. Kawo kart ɗinka na ɗan ƙasa za a yi wata takarda. Tsaya jikin bango in ɗauke ka hoto, kai dai ka cika tambaya. Baliz kuwa ko ƙurarta ba ya bari ya goge. In ya matso sai ya ce, "Ja da baya, amana ce a hannuna." Sabo ya ɗauka rowa ce kawai aka naɗa wa rawani. Da satar kallo ya koyi aikinta, ta bayan kafaɗar wansa, kuma abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya yi kuka ranar jana'iza, amma bai huce ba.

Wani bakanike daga Damagaram ya taɓa gaya masa cewa lisans ba a gadonsa. Ran da kamfani ya ji mai shi ya rasu, sai ya rufe na'urar, ta zama faifan rufe tukunya. In baliz ta tafi, gareji ya tafi. Don haka Sabo ya yanke shawara a ransa cewa yau Yunusa bai mutu ba.

Ya ɗauko kart ɗin marigayi, ya kara a gaban idon na'urar, shi kuma ya kawar da kansa gefe kamar mai kauce wa suruka a hanya. Na'ura ta yi nazari, ta ce ba shi ba ne.

Ya ce ƙila hoton ne ya yi ƙanƙanta. Ya hau babur ya je gidan wansa, inda Na'ima ke zaman takaba. Ya durƙusa a bayan zana ya roƙe ta babban hoton mijinta na bango. Ba ta tambaye shi dalili ba, ta turo shi ta ƙasa, yana jin shesshekarta. Kunya ta kama shi, ya ɗauki hoton ya fice.

Wannan ma na'ura ta ƙi. Ta ƙara da gargaɗi: in aka sake nuna mata fuskar da ba ta mai ita ba, za ta rufe har abada.

Rana ta karkata. Fitilar batir ta koma ja. Alhaji Kyari ya idar da la'asar, ya shafa addu'a, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Allah ya jiƙan Yunusa. Da yana nan da tuni na wuce Dungas."

Maganar ta soki Sabo, ya haɗiye. Ya kifa baliz, ya ga lambar wayar wakiliyar kamfanin a Damagaram, Madam Rukaiya. Rezo, wato layin waya, yana ta tsallakawa zuwa na Nijeriya, sai da ya hau kan gawar wata tsohuwar babbar mota kafin kira ya shiga. Ya nemi gafarar Allah, ya kumbura murya irin ta wansa.

"Madam, Yunusa ne daga Magaria. Baliz ta ƙi fuskata."

"A'a, Malam Yunusa! Kwana biyu. Ya gareji?"

"Lafiya lau. Don Allah ki buɗe min daga nan, motar mutane ce a jone."

"Wallahi ba ni da iko. Sai mai ita ya tsaya gabanta da kansa."

Sabo ya dubi hoton da ke jingine jikin taya, ya dubi Alhaji Kyari da ya fara naɗe buzu yana tahowa. Ƙarya ta ƙare masa, gaskiya kuma in ya faɗe ta ya rufe garejin da bakinsa. Da ƙyar ya ce, "To ai ni ne mai ita."

Madam Rukaiya ta yi dariya.

"Haba, tsufa ne ya fara? Ba kai ka zauna min a ofis ba, da kart da hoto, kana ta cika min kunne wai yaron ya fi ka hannu, jira kawai kake ya natsu ka damƙa masa kayansa? Je ka kira ƙanen naka Sabo ya tsaya gabanta."